Takwaran Nea Pompi

Idan ka taɓa sayen maganin tari a birnin Timișoara aka sallame ka ba tare da an ce "yi haƙuri, kwamfuta ta tsaya" ba, to Pompiliu Cernat ya kamata ka gode wa. Haka dai shi yake faɗa. Yana faɗa a ɗakin shan kofi, yana faɗa a layin sayen burodi, an ce har wa fadan cocinsu ya taɓa faɗa ana tsakiyar yi wa jikarsa baftisma.

Shekara goma sha tara ke nan yana kula da manyan kwamfutocin wani kamfani mai yi wa kantunan magani manhaja. Kowa Nea Pompi yake ce masa, wato Kawu Pompi, tun daga mai shara har shugaban kamfanin, don ya girme su duka. Gajere ne, mai sanƙo, da tarin makullai a ƙugu waɗanda ake jin ƙararsu kafin a ga mai su. Ko a tsakiyar watan Yuli da rigar sanyi yake yawo, wadda matarsa Veturia ta saƙa masa, saboda ɗakin injuna da ke ƙarƙashin bene ya fi firji sanyi. Kowace kwamfuta a ɗakin nan da sunanta. Wadda ta fi tsufa, ta fi nishi, ta kuma ƙi mutuwa, ya raɗa mata Aglaia, sunan surukarsa.

A da can, duniya tana tafiya daidai. Masu rubuta manhaja suna hawa na uku, suna rubuce-rubucensu. Idan sun gama, dole su sauko ƙasa su roƙi Nea Pompi ya ɗora aikin a kan injuna don kantuna su samu. Sau ɗaya a wata yake ɗorawa, ranar Alhamis, bayan ya sha kofi. Ranar Juma'a kuwa ko gawa aka kawo masa ba ya taɓa komai. Wanda ke gaggawa ya san hanya: kwalbar zacuscă ta gida, irin wadda iyaye mata ke dafawa da kaka, yalo da tattasai su narke har ka ji kamar ka cinye da murfin. Sai da ya kafa kanta guda don kwalaben nan. Yana iya gaya maka uwar wa ke cika gishiri, uwar wa ke rowar mai.

Sai manajansu Horațiu ya je wani taro a Berlin ya dawo da sabon wa'azi.

"Daga yau babu sama babu ƙasa," in ji shi. "Masu rubutu da masu injuna tebur ɗaya. Wanda ya rubuta abu, shi zai raka shi har ya isa kanti, idan ya lalace kuma tare za a gyara."

"Wato yaran da ba su san inda ake kunna inji ba," in ji Nea Pompi, "su za a ba makulli?"

"Ba makulli ma, Nea Pompi. Hanya za a gina, aikin ya riƙa bi da kansa."

Aka ɗauko teburinsa aka hau da shi hawa na uku, inda rana ke shigowa kai tsaye ta sauka a kan sanƙonsa. Aka kafa wani ƙaton allo a bango mai nuna lafiyar kowane inji, abin da a da shi kaɗai yake gani. Ya ce wannan daidai yake da a rataye kayan cikin mutum a dandalin gari. Aka kuma zaunar da shi kafaɗa da kafaɗa da Smaranda Oprișan.

Smaranda ita ce ta gina hanyar. 'Yar shekara talatin da ɗaya, da keke take zuwa aiki, ba ta da hayaniya, kuma babban laifinta shi ne ba ta da laifi. Tana gaishe shi. Tana tambayarsa shawara. Idan ya yi mata gatse sai ta rubuta a takarda ta ce na gode. Hanyar da ta gina tana gwada aiki da kanta, ta ɗora da kanta, sau takwas, sau goma a rana. Har ranar Juma'a! Juma'ar farko da aka yi haka, Nea Pompi ya harɗe hannu ya zauna yana jiran rufin ya rufto. Ƙarfe biyar kowa ya ɗauki jakarsa ya tafi gida.

Kwalabe suka ƙafe. Wata biyu ko cokali ɗaya ba a kawo masa ba. Rannan da safe ya tarar da kwalba a kan teburin Smaranda, ya kuma gane murfin: na uwar Tiberiu mai rubuta manhaja ne, wadda duk kamfanin babu mai hannunta.

"Ashe ke ma kin fara karɓa," ya ce.

"Tiberiu ne ya kawo, na taimaka masa jiya. Ga cokali, Nea Pompi."

"Na ƙoshi. Likita ya hana ni yalo."

Likitan da ya hana shi yalo, har yau ba a haife shi ba.

Amma mutumin yana da makami ɗaya da ya ɓoye. Aglaia ba ta hau sabuwar hanya ba tukuna, don babu wanda ya san cikinta. Tana da wata cuta: duk mako cikinta yana cika da tarkacen bayanai, idan ba a kwashe ba sai ta shaƙe, kantuna ɗari uku su tsaya cak. Shekara goma sha ɗaya, duk Litinin ƙarfe takwas da minti goma, Nea Pompi yana kwashe tarkacen da hannunsa. Bai rubuta a ko'ina ba. Bai gaya wa kowa ba. An roƙe shi ya rubuta duk abin da ya sani a inda kowa zai gani, ya rubuta shafi arba'in a kan yadda ake canza batir, ya tsallake wannan.

Shi ya sa da Horațiu ya ce masa ai yanzu zai iya tafiya hutu, hutun da rabonsa da cikakkensa tun ana yayin wayar da ake murza lamba, bai yi musu ba. Har murmushi ya yi. Ya ɗauki Veturia suka tafi garin Băile Herculane mako biyu, shiga ruwan zafi na maɓuɓɓuga. Ya lissafa abinsa tsaf: Litinin ba za a kwashe ba, Talata da rana Aglaia za ta shaƙe, kafin ƙarfe uku za a kira shi ana kuka. Ya ma shirya abin da zai ce. Zai bari wayar ta yi ƙara sau huɗu.

Talata ya shiga ruwa da wayar a cikin leda, ya ɗaga ta sama kamar mai tsallake kogi da jariri. Ƙarfe uku shiru. Laraba ya ce wa Veturia duwatsun nan ne ke tare sabis, ya hau wani tudu yana haki. Sabis cike. Alhamis ya sa ta kira shi daga ɗaya gefen tebur don ya tabbatar wayar tana ƙara.

"Tana ƙara," in ji Veturia. "Ci miyarka, tsoho. Mutane suna zuwa nan su warke, kai ka zo ka kamu."

"Ƙila kunya suke ji."

"Ƙila kuma lafiya lau suke."

Bai sake yi mata magana ba sai da aka kawo kayan zaƙi. A mako na biyu ya shiga wani kantin magani ya sayi ƙwayar ciwon kai da ba ya bukata, don kawai ya leƙa allonsu. Yarinyar kantin ta danna, takarda ta fito fes. Ya fito da ciwon kan gaske.

Bai iya jira hutun ya ƙare ba. Juma'a da safe ya bayyana a ofis, ya rame, ya yi ja kamar dafaffen tsiran alade. Abin da ya fara ji daga bakin ƙofa shi ne muryar Tiberiu:

"Kai, Pompi ba ya wasa! Ko minti ɗaya ba ya makara."

Zuciyarsa ta yi sanyi. Ya gyara wuyan riga, ya shiga. Sai ya ga ba shi ake kallo ba, allon bango ake kallo.

Smaranda ce ta yi masa bayani, tana murna kamar ta saƙa masa hula. Tun da aka kafa allon ta lura layin da ke nuna cikar cikin Aglaia yana hawa duk mako, sai Litinin takwas da minti goma ya faɗo, daidai lokacin da Nea Pompi ke ajiye kofinsa ya juya mata baya. Da ya tafi, ta rubuta 'yar manhaja, rubutu layi talatin kacal, mai kwashe tarkacen da kanta.

"Na sa mata sunanka. Don girmamawa."

Layi talatin! Shekara goma sha ɗaya na rayuwarsa. Abin da ya fi ƙona masa rai, takwaran nan ya fi shi farin jini. Pompi ba ya gatse. Pompi ba ya cin zacuscă. Wani ma ya zana masa fuska mai murmushi a kan allo, da gashi.

Ya ce a buɗe masa ya gani. Ya karanta layin talatin ɗin da idon mai neman ƙashi a cikin miya, kuma ya samu. Cikin tarkacen nan akwai wata jaka da ba shara ba ce. Duk ranar ɗaya ga wata kantuna suna turo kwafin takardun likita na magunguna masu ƙarfi, waɗanda ake ajiyewa don masu bincike, kuma saboda wani kuskure na tun zamanin da, cikin sharar suke faɗawa. Shi yakan ɗauke su gefe kafin ya share. Takwara bai san wannan ba. Ɗaya ga wata kuwa ranar Lahadi ce. Litinin takwas da minti goma, yaron kirki zai haɗiye su duka.

"Yaya ka gani?" in ji Smaranda.

"Ba laifi," ya ce. Ya tashi ya fita cin abincin rana yana tafe kamar an cire masa shekara goma.

A bencin bakin kogin Bega ya kira Veturia ya fesa mata albishir. Ta saurara har ya gama.

"To takardun na su wa ne?"

"Na kantuna mana."

"Har da kantin Uwargida Lucreția, wadda ke ajiye maka maganin hawan jini?"

Ya kau da kai wajen kogin. Veturia ta ci gaba:

"Kuma idan abin ya faru, me za a rubuta? Ba ka ce yanzu ba a kama sunan mutum idan an yi ɓarna ba?"

Gaskiya ne. Cikin sabbin ƙa'idojin Horațiu, idan abu ya lalace ana zama a tattauna, ba a cewa wane ne ya yi, sai dai a ce wane inji ko wace manhaja.

"Za a rubuta sunan manhajar," ya ce a hankali.

"Wato a tura wa kantuna ɗari uku takarda cewa Pompi ya cinye musu takardu. Ni dai ba zan je kasuwa ba ranar."

Ta kashe wayar. Ya zauna yana kallon agwagi. Shekara goma sha tara babu fayil ɗaya da ya ɓata a hannunsa. Ya tuna fuskar Lucreția idan masu bincike suka shigo mata. Ya tuna fuskar Smaranda ma, wadda ya so ƙwarai ya ga ta faɗi, sai ya ga hoton bai yi masa daɗin da ya zata ba. Wannan ya ƙara ba shi haushi.

Ƙarfe biyu ya dawo, ya jawo kujerarsa har ta bugi tata.

"Ɗan naki jahili ne," ya ce. "Buɗe."

Ya nuna mata jakar. Smaranda ta dafe baki, fuskarta ta yi fari fat.

"Nea Pompi, da ba ka dawo ba fa?"

"Da kin ga abin da babba ke hangowa daga zaune. Rubuta. A'a, ba haka ba, watan Fabrairu fa? Matsa, ba ni allon."

Shi da ya rantse ba zai taɓa hanyarta ba, da yatsunsa biyu ya buga gyaran. Ita ta duba, ta cire masa kuskure ɗaya, ya ce da gangan ya sa don ya gwada ta. Da aka zo ɗorawa ta tura masa madannin.

"Yau Juma'a," ya ce.

"Na sani."

Ya yi alamar gicciye, ya rufe ido ɗaya, ya danna. Allon ya yi kore. Ya ɗaga kai yana kallon rufi na kusan minti guda, ko zai rufto.

Tun da bakin ya buɗe kuma sai ya ƙi rufuwa. Kafin a tashi ya tona cututtukan Aglaia guda bakwai da babu wanda ya taɓa ji, Smaranda tana rubutawa, Tiberiu ya jawo kujera, Horațiu yana leƙe daga ƙofa kamar ya ga kura tana kiwon awaki. Sharuɗɗa biyu Nea Pompi ya kafa: a canza wa manhajar suna zuwa Pompi Ƙarami, a kuma goge gashin nan.

Ranar Litinin takwas da minti goma layin ya faɗo, takardun suna gefe lafiya. Ya tarar da kwalba a kan teburinsa, ta uwar Smaranda ce daga garin Lugoj. Ya buɗe, ya shafa a burodi, ya tauna a hankali kowa yana jiran hukunci.

"Gishiri ya yi kaɗan," ya ce, ya jawo kwalbar ya sa a aljihun tebur ya murɗa makulli.