Ranar da Bello Direba Ya Amsa

Cikin duk shekarun da na yi ina aikin duba-gari, ban taɓa mantawa da Larabar ƙarshen watan Safar ta shekarar 1991 ba. A makon da ya gabace ta aka ƙirƙiro Jihar Kebbi, ranar 27 ga Agusta, har allon ofishinmu na Jega bai daina cewa Sakkwato ba. Ni kuwa ƙaramin ma'aikaci ne a sashen lafiya.

Daminar nan amai da gudawa ya addabi ƙauyuka. Aikinmu shi ne zuba magani a rijiyoyi: a auna zurfin ruwa da igiya, a dama hodar kulorin a bokiti, a bari ta kwanta, a zuba ruwan sama-sama, sannan a hana ɗiba na ɗan lokaci. Shugaban sashenmu ya tura ni wani ƙauye can bayan Giwa Tazo, tare da Bello direba, mutum mai barkwanci wanda bakinsa ba ya hutawa.

Na ce, "Yallaɓai, yau fa Larabgana."

Larabgana ita ce Larabar da wasu ke cewa bala'o'in shekara na sauka, shi ya sa ba su tafiya, sai shan rubutu. Malamai da yawa sun ce ba ta da asali. Shugaba ya ce, "Cuta ba ta san Laraba ba. Ku tahi."

Mun isa da hantsi. Gero ya rufe ƙauyen ko'ina, amma babu kowa a gona. Ba hayaƙi, ba ƙarar turmi. Mutane na zaune a ƙofar gidajensu suna kallonmu. Na ga wata mata tana son ɗanta ya zo, maimakon ta kira shi sai ta tafa hannu.

Maigari, dattijo mai ido ɗaya, ya tarbe mu a zaure. Na buɗe baki zan gabatar da kaina, ya ɗaga hannu.

"Kak ka hwaɗi sunanka, ɗana. Yau ba a kiran suna garin ga, ba a kuma amsawa, sai rana ta hwaɗi."

Ya yi mana bayani a hankali. A irin wannan rana kakanninsu suka sauka a wurin. A irinta gulbi ya taɓa cinye tsohon gari. A irinta kuma, zamanin kakansa, aka wuni ana jin kiran sunayen mutane daga wajen fadama, kuma duk wanda ya amsa bai ga girbi ba. Tun daga nan suke cin tuwon jiya, su yi shiru.

Bello ya danne dariya. Ni dai na ce, "Ranka shi daɗe, rijiya kawai muka zo wa." Ya yarda, ya ce da kansa zai raka mu.

Rijiyar tana bakin fadama. Ina durƙushe ina dama hoda, Bello yana janye igiyar awo, Maigari yana tsaye da sandarsa. Rana tsaka, ko iska babu. Sai Bello ya waiwaya wajen geron, ya ɗaga murya ya ce, "Na'am!"

Na ɗago kai. "Wa kake amsa wa?"

"Ba ka ji ba? Har sau biyu. Muryar mace."

Wallahi ban ji komai ba. Maigari ya matso kusa da Bello. Bello ya ƙara juyawa kamar zai nufi gonar, tsohon ya cafke masa riga da ƙarfin da ban zaci yana da shi ba.

Na ƙarasa zuba maganin, muka koma zaure. Maigari ya sa aka kawo aska da goro. Aka aske wa Bello gefen kai, liman ya yi addu'a, aka raba goro kamar ranar suna.

Maigari ya ce, "Wanda anka kira ba shi nan. Kai yau anka haihe ka, ran Laraba. Daga gobe kai na Balarabe."

Bello ya yi murmushin yaƙe, muka shiga mota muka dawo Jega. Kafin la'asar amai ya kama shi, sai gudawa. Na san cutar, na san mun taɓa ruwan rijiya, ban kuma tsaya tunanin wani abu ba. Na ɗauke shi zuwa asibiti. A bakin ƙofa ma'aikaciyar jinya ta tambaye ni sunansa, sai na ji bakina ya ce, "Balarabe."

Ya sha ƙarin ruwa, ya kai inda muka fara cire rai, sannan Allah Ya tashi kafaɗunsa. Ranar da za a sallame shi, matarsa ta kira shi Bello a gaban ma'aikaciyar nan. Ma'aikaciyar ta tsaya cak.

"Au, shi ne Bello? Ai shekaranjiya da azahar wata mata ta leƙo ta taga, ta lulluɓe fuska, bakin zanenta duk laka. Ta ce akwai Bello a nan? Na ce babu. Ta daɗe tana kallon gadajen, sannan ta tafi."

Mun tambayi danginsa kaf, babu wadda ta zo. Daga ranar har ya yi ritaya, Balarabe muke kiransa, shi ma bai ƙara waiwayar tsohon sunan ba.

Ku yaran yanzu da ke fita aiki ƙauye, ga abin da zan ce muku. Ku zuba maganinku, don shi ne ya tsayar da cutar a garin nan, wannan na tabbata. Amma kafin ku sa ranar zuwa, ku tambayi mutane ko wace rana ce a wurinsu. In sun ce a yi shiru, ku yi shiru. Ba duk abin da ke rijiya igiyarmu ke aunawa ba.