Yadda Kawuna Ya Warke Daga Ciwon Da Bai Taɓa Yi Ba

Kawuna, wan mahaifiyata, manomin rake ne a wata fadama kusa da Kalgo. Yana da amyoyin zuma a itatuwan bakin gonarsa, kuma ba ya shan fura sai an jefa mata mazarƙwaila. A ƙarshen shekarun tamanin, lokacin ina koyarwa a wata firamare a Gwandu, gwiwarsa ta dama ta matsa masa da ciwo, sai ya tafi wani asibiti da mutanen yankinmu ke zuwa. Aka yanka masa kati, aka ba shi man shafawa.

Komawarsa ta biyu ya tarar da wani likita daban. Wannan ya buɗe fayil, ya karanta, ya girgiza kai. Bai ko dubi gwiwar ba. Ya ce da kawu sugansa ya yi yawa, daga yau ba shi ba rake, ba shi ba zuma, ga kuma ƙwayoyin da zai riƙa sha. Kawu mutum ne mai girmama duk abin da aka rubuta. Ya dawo gida ya bi umarni. Yana sarar rake yana ɗora wa mutane a jaki, shi kuwa sai haɗiyar yawu. Ƙwayoyin suka riƙa sa shi jiri da gumi a tsakiyar gona. Da ya kai kuka, aka ce ai ciwon ke nan, ya ƙara haƙuri. Gwiwa kuwa tana nan yadda take.

Wani hutun makaranta na ɗauke shi a babur na kai shi da kaina. Muna zaune a benci, malamin kati ya leƙo ta taga yana kiran mutane kamar yadda ya saba, suna haɗe da ciwo, don kada a ruɗe: wane mai basir, wance mai ɓari. Kowa na jin na kowa. Da ya kira sunan kawu da na mahaifinsa, sai mutum biyu suka miƙe. Na biyun wani dattijo ne Bafulatani, siriri ƙwarai, daga rugagen bayan Gwandu, riƙe da butar ruwa.

Suka dubi juna, suka gaisa. Kawu ya ce, “Takwara, kai mi ka damun ka?”

Dattijon ya ce, “Ƙishirwa, takwara. In sha ruwa in zagaya, in sha in zagaya. Ga idanu sun soma hazo. Amma kullum na taho sai a ba ni mai, a ce in shafa ga gwiwa.”

“Kana shafawa?”

“Ina shafawa mana. Gwiwar kam lafiya lau, alhamdulillahi.”

Na tashi na je taga. Na ce da malamin katin, “Malam, don Allah ina son in ga fayil ɗin kawuna.”

Ya dafe shi da tafin hannu. “Ba a nunawa. Sirrin marar lafiya ne.”

“Ai ga marar lafiyar nan tsaye. Shi ya ce a nuna mini.”

“Ko shi ba a nuna mishi. Na likita ne.”

Na tambaye shi wa ake ɓoye wa sirrin, tunda yanzun nan duk benci ya ji. Ya ce shi dai haka ya tarar ana yi, kuma in matsa, akwai mutane a bayana. A yau ina jin ana cewa marar lafiya na da haƙƙin ganin abin da aka rubuta a kansa, ya kuma sa a gyara kuskure. A wancan lokacin ko ni mai takardar malanta ban san da wannan ba. Roƙo na sani, shi na yi ta yi.

Da ƙyar aka bar mu mu uku muka shiga wajen likita. Ba wanda ya ɗora wa kawu ciwon ba ne, wancan an daɗe da yi masa canjin wurin aiki. Wannan matashi ne mai sauƙin kai. Ya saurare mu, ya tura dattawan biyu gwaji. Sakamako ya fito: kawu ba shi da komai, takwaransa kuwa aka ce ba zai koma gida ba, gado za a ba shi nan take. Aka buɗe masa sabon fayil a matsayin wanda bai taɓa zuwa asibitin ba.

Na ce, “Likita, to a goge na kawu.”

Ya ce ba shi da ikon goge abin da wani likita ya rubuta ya sa hannu. Sai an kai maganar sama, sama kuma za ta so sanin wa ya yi kuskure, kuma ba wanda zai ji daɗin wannan. Ya juya biro a hannunsa, sannan ya ce ya samo mafita. Ya yi rubutu a ƙasan shafin, ya karanta mana da babbar murya: marar lafiya ya warke, a dakatar da magani. Yana murmushi ya miƙa wa kawu hannu, kawu ya karɓa da hannu biyu yana godiya.

Akwai wata nas tsaye a wurin, 'yar Kalgo ce. Kafin ranar kasuwa ta zagayo, labari ya riga mu isa: ga wani manomi da suga ya sake shi, likita da kansa ya rubuta. Mutane suka fara sallama a ƙofar gidan kawu, daga Dangoma, daga Wurogauri, har da masu zuwa a mota. Kowa ya zo kawu zai zaunar da shi ya ba shi labarin tun daga gwiwa. Su saurara cikin ladabi, su gyaɗa kai, in ya gama su ce, “To baba, yanzu wane sassaƙe ne?”

Takwaran nasa ya samu sauƙi, ko da yake ido ɗaya bai dawo ba. Har ya taɓa zuwa ya zauna a zauren kawu yana ba da shaida, amma baƙin suka ɗauka shi ma magani ya zo nema.

Na ƙarshe da na gani da idona wani attajiri ne mai sayar da hatsi, ya zo da rago a bayan a-kori-kura. Kawu ya rantse masa da Allah cewa bai taɓa yin ciwon ba, ya ce masa ya hanzarta zuwa asibiti, kuma in an kira sunansa ya duba ko wani ya miƙe. Attajirin ya tashi ya kaɗe rigarsa, ya sa aka mayar da rago mota. Yana fita ya ce da ni, “Malam, ka yi wa tsohon nan nasiha. Allah ya ba mutum sani ya ɓoye wa Musulmi, ba kyau.”