Jirgin da Ya Hau Tudu da Baya a Maamobi

Idan ka shigo layinmu a Maamobi, nan Accra, ka tambayi Hudu mai gyaran rediyo, ba kowa zai gane wanda kake nufi ba. Amma ka ce Hudu mai jirgi, yanzun nan a kai ka ƙofar shagonsa. Ni Alima, shekara goma sha ɗaya ke nan ina sayar da koko da ƙosai a gefen shagon nan, don haka labarin da zan ba ku ba ji na yi ba. Da idona na gani, kai har lemata tana ciki.

Hudu a Nima, unguwar da ke kusa da mu, aka haife shi, bai taɓa taka Nijar ba. Mutum ne marar yawan magana, sai ya wuni kansa a cikin rediyo bai ce uffan ba. Mahaifinsa kuwa, Baba Abdulƙarim, shi ne mai bakin gidan. Da ƙuruciyarsa, can Nijar, direban ɗan jirgin ƙasa ne a wata mahaƙar dutsen farar ƙasa, dutsen nan da ake ƙonawa a yi siminti. Da aka rufe mahaƙar ya gangaro Accra, ya yi gadi har yanar ido ta rufe masa gani. Abin da ya rage masa a duniya shi ne bencin da ke ƙarƙashin darbejiya, inda maza ke shan ataya, da labarin jirginsa.

To, labarin ne matsalar. Baba ya ce faɗin dogon jirgin bai wuce kamu ɗaya da ɗan ƙari ba. Ya ce kan jirgin ba ya shiga gaba, a bayan taragai yake zama ya tura su daga cikin rami har saman tudu, wani mutum kuma yana tafiya a gefe yana barbaɗa yashi a kan dogo da hannu. Imoro, tsohon direban turoturo, motar haya ta hanyar unguwar Madina, shi ne ke fara ƙyaƙyatawa. "Cale, abokina, jirgi da ribas? Ni na yi shekara talatin a sitiyari, ban taɓa ganin injin yana bin kaya a baya ba!" Daga nan ya raɗa masa suna Baba Ribas, sunan kuma ya bi shi. Wata rana aka yi dariyar ta wuce gona da iri, Baba ya laluba sandarsa ya shige gida. Mako ya wuce, wata ya wuce, bai sake fitowa bencin ba. Abin ya ci mini rai ƙwarai, don na san tsohon nan bai iya zaman ɗaki ba.

Sai kawai na ga wata safiya Hudu ya shigo da tsohuwar ƙofa a ka. Na ce, "Hudu, lafiya? Gida za ka gina?" Ya ce, "Anti Alima, mahaƙar Baba zan gina. Za su gan ta da idonsu, shi kuma zai koma bencinsa."

Kai, jama'a, na ga aiki! Komai ya rage shi sau arba'in, har mutum ya dawo tsawon tsinken ashana, faɗin dogo kuma ya dawo kamar babban yatsa. Yakan zauna kusa da Baba da sunan hira, yana tambayar zurfin rami, da yawan taragai, da inda rumfar ma'aikata take, ya dawo ya zana a bayan kwali. Duk Asabar yana Old Fadama wajen 'yan gwangwan, yana tonon tsofaffin rediyo mai kaset don ya ciro ɗan injin da ke juya kaset ɗin, wanda shi ne ya zama kan jirgi. Ƙananan gwangwanayen tumatir ya tsaga biyu suka zama taragai shida. Tsinken tsire ya yanka guntu-guntu ya shimfiɗa a ƙarƙashin dogo, ɗari huɗu da wani abu, ɗaya bayan ɗaya. Ramin da tudun kuwa da takardar buhun siminti da sitaci ya gina su, hawa-hawa kamar matakala.

Dogon shi ne ya ba shi wuya, sai da idonsa ya faɗa kan lemata. Na je salla na dawo na tarar da ita tsirara, ba ƙarfe ko ɗaya. Na yi masa tas, wallahi ban rage masa komai ba, shi kuwa yana ta ba ni haƙuri yana miƙar da ƙarfen da filaya. Matarsa Saratu ma ta sha nata. Wani direban tifa ya kawo masa dutsen farar ƙasa na gaske, shi kuma ya rasa inda zai farfasa shi sai a turminta na fufu. Kwana uku ba ta yi masa magana ba, amma ita ce daga baya ta ɗinka wa 'yan mutanen ashanan riguna.

Wata bakwai ana wannan. Ranar da ya fara sa batir, jirgin ya zagaya fili da taragai babu kaya, na yi tsalle har na zubar da ludayin koko. Amma na lura da abu ɗaya. Na ce, "Hudu, ba Baba ya ce a baya kan yake zama ba? Ya na gan shi a gaba?" Ya duba hagu da dama, ya rage murya. "Anti Alima, tsufa ne, ya manta. In na sa shi a baya, dariyar ce za ta ƙaru." Gaskiya ni ma haka zuciyata ta faɗa mini.

Aka sa ranar Lahadi bayan la'asar don a nuna wa jama'a. Fentin tudun bai gama bushewa ba sai da safiyar ranar, saboda haka Hudu bai taɓa gwada hawan da kaya ba. Mutum huɗu suka ɗauko ƙofar suka ɗora kan benci biyu a ƙarƙashin darbejiya. Layi ya cika maƙil! Masu kayan miya sun bar tire, masu aski sun bar kai rabi, har masu babur sun tsaya. Kowa ya ga ramin nan fari fat da 'yan mutane riƙe da diga sai ya ce, "Ei, Hudu!" Saratu ta riƙo hannun Baba da ƙyar da lallashi, aka zaunar da shi a gaba. Imoro yana gefe da kofin atayarsa, yana murmushin mugunta.

Hudu ya cika taragai da dutse, ya danna maɓalli. Jirgi ya tashi, ƙir ƙir ƙir, ya kama tudu, mu kuma muna ta ihu muna tafi. Ya kai rabi ke nan sai ƙugiyar da ta haɗa kai da taragai ta ɓalle. Taragai shida suka dawo a guje, suka faɗa rami, suka kwashe 'yan mutanen ashana suka watsar. Hudu ya gyara, ya sake sawa. Haka aka sake yi, a daidai wurin. Imoro ya fashe da dariya har ataya ta sarƙe shi. Ni kuwa na ce shi ke nan, yau tsohon nan ya shiga ɗaki har abada.

Sai na ji muryar Baba. "Wannan ƙarar fa? Taragai ne suka tsinke?" Ya miƙa hannu ya laluba bakin ramin, yatsunsa suka bi dogo a hankali har suka kai kan jirgin. Nan take fuskarsa ta canja, ya daka tsawar da ban taɓa jin irinta a bakinsa ba. "Wa ya sa kai a gaba? Akwai mutane a rami! Kashe su za ku yi?" Ya ɗaga kan jirgin da kansa ya dasa shi a bayan taragai. "Ƙugiya ba ta ɗaukar dutse a tudu. Ƙirji ake sa wa kaya. Tashe shi!"

Hudu ya danna. Jirgi ya tura, ya hau, ya kai rabi, sai ƙafafun suka fara juyawa a wuri ɗaya. Baba ya karkata kunne, ya ce, "Santsi ne. Ina mai yashi?" Wallahi ban san lokacin da na ruga ba. Na ɗebo yashi a gindin bango, na tankaɗe shi da rariyar kokona, na zuba masa a tafi. Ya murza shi da yatsa biyu a kan dogo, ɗan kaɗan, kamar mai sa gishiri a miya. Jirgin ya yi wata 'yar girgiza, ya cije, ya fara hawa. Yana hawa, yana hawa, taragai a gaba, kai a baya, har ya dire a saman tudu da dutsensa cif, ko ƙwaya ba ta zube ba.

Layinmu ya kece da kabbara! Saratu ta rangaɗa guɗa, ni ina rawa da rariya a hannu, masu babur suna ta danna oda. Imoro ya ajiye kofi, ya cire hula, ya durƙusa gaban tsohon. "Baba Direba, ka yafe mini. Bakina ne." Baba ya ce ya tashi, ba komai, gobe ya ajiye masa wurinsa a benci.

Ni ce kusa da su, don haka ni kaɗai na ji abin da ya biyo baya. Baba ya laluba ya kamo wuyan hannun ɗansa, ya jawo shi kusa. Ya ce, "Na Imoro bai dame ni ba, bai taɓa ganin ramin ba. Amma kai, wata bakwai kana tambayata. Kai ma ba ka yarda ba, ko?"

Hudu ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan farin dutsen. Ya ce, "Ban yarda ba, Baba."

Tsohon ya jima bai saki hannun ba. Can ya ɗauki tafin Hudu ya juye masa sauran yashin a ciki, shi Baba kuma ya ɗora yatsa a kan maɓalli. Ya ce, "To, ka zama mai yashina. Mayar da jirgin ƙasa, akwai sauran dutse."