Mun Ji Ka, Tayyib Mai Oba-oba

Daga Allah muke, kuma gare Shi kowannenmu zai koma, wani daga kan gadonsa, wani daga tsakiyar hanya. Ranar Asabar, 17 ga Agusta, 2024, cikin watan Safar, Allah Ya karɓi ran Tayyib Salisu, wanda mutanen Batsari da Safana suka fi sani da Tayyib Mai Oba-oba. Ya rasu a hanyar garin Babban Duhu, bayan babur ɗinsa ya rufta da shi cikin wani kwalbati da ruwa ya cinye. Washegari aka yi masa sutura a Batsari. Ya bar mahaifiyarsa Nana Hadiza, da matarsa Bara'atu, da 'ya'ya ƙanana.

Sunana Jabir. Ina koyarwa a firamare a Yasore, ina kwana a Batsari, don haka rabin rayuwata a kan babur take. Tayyib, na girme ka, kuma ba ka taɓa kiran sunana ba sai da Malam a gaba. Yau ni ne nake rubuta ta'aziyyarka, abin da ban taɓa kawowa a raina ba. Na ɗauki alƙalami na ajiye ya fi a ƙirga, domin duk inda na fara sai in ji muryarka.

Wanda bai san yankinmu ba sai an yi masa bayani. Tun da hanyoyinmu suka lalace, mai hankali ba ya doguwar tafiya shi kaɗai. Malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, masu sarin hatsi da 'yan kabu-kabu, duk ayari muke yi, babur na bin babur. A shekarar da aka katse layukan waya sai muka koma kurame: na gaba bai san halin da na baya yake ciki ba. Kai kuwa lokacin gyaran rediyo kake yi a wata 'yar rumfa a bakin tasha. Kai ka kawo shawarar oba-oba, wato rediyon hannu da ake magana da juna ta cikinta ba sai da layin waya ba, kuma kafin ka miƙa wa kowa ko guda sai da ka bi manyan gari da jami'an tsaro ka nemi izini, domin a irin wannan zamani ganin ta a hannun mutum kaɗai ya isa ya jawo masa abin da bai shirya ba.

Ban manta ranar da na zo maka da tawa ƙwalisar ba. Na ga wata 'yar na'ura da ake maƙalawa a hular kwano, mutum yana tuƙi yana magana, na ce ita nake so. Ka yi dariya har sai da na ji haushi.

"Malam, wannan ta masu kwalta ce," ka ce. "Kana shan kwana ka shiga gero za ta rabu da kai. Kuma ba ta kula kowa sai 'yar'uwarta da suka fito gida ɗaya."

Ka zaunar da ni ka yi mini karatu, ni da nake koyar da yara. Waya da abin sawa a kunne suna da kyau, amma sai inda akwai sabis. 'Yar ƙaramar oba-oba ta aljihu ba ruwanta da sabis, ita ka zaɓa wa yawancinmu. Sai babbar, wadda ka ɗaure a naka babur ɗin, mai doguwar eriya, mai shan wuta daga batirin babur. Ka ce muryar babbar tana cin nisa sosai, ƙaramar kuwa kunnenta ya fi bakinta: za ta jiyo mutum daga nesa, amma amsarta ba za ta kai gare shi ba. Na gyaɗa kai kawai a ranar, hankalina yana kan na'urar da ka hana ni.

Da mutanen Safana suka ga abin ya yi, sai su ma suka sayo nasu, amma na wani kamfani dabam. Kowa ya murɗa tasa zuwa lamba biyar kamar yadda muke yi, aka yi ta sallama, shiru. Nan fa magana ta tashi. Na Safana suka ce 'yan Batsari girman kai ya hana su amsa sallama, namu suka ce ai na Safana ne ba su iya kunna abu ba. Har an fara daina gaisawa a kasuwa. Kai ne ka ɗauki tsohuwar kwamfutarka da wata igiya, ka bi su Tsaskiya da Babban Duhu, kana haɗa kowace oba-oba da kwamfutar kana saita ta. Ka yi ta nanata mana cewa lambar da ke jikin abin murɗawa ado ce kawai, biyar ɗin wannan kamfani ba ita ce biyar ɗin wancan ba, sai an daidaita su daga ciki. Ranar da muryar mutumin Tsaskiya ta fara fitowa a aljihuna, manyan mutane suka riƙa tsalle a tasha kamar yara.

Allah kaɗai Ya san abin da wannan aiki ya tsare. An sha juya ayari daga hanyar da ba ta da lafiya. An sha kiran babur ga mai naƙuda a ƙauyen da mota ba ta shiga. Ni kaina tayata ta taɓa fashewa a dajin da ba na so in tuna, na danna maɓalli na faɗa, kafin tsoro ya gama kama ni sai ga mutum biyu sun juyo.

Doka biyu ka kafa mana. Ta farko, duk wanda ya ji kira ya amsa da "na ji ka", ko da ba shi da abin yi a kai, don kada mai kira ya ɗauka shi kaɗai ne. Ta biyu, a taƙaita gaisuwa, domin muddin mutum ɗaya yana danne da maɓalli, ba wanda zai iya shigowa. Wannan ta biyun ce ta haɗa ka da Baba Jinjiri, dattijon ayarinmu, wanda ya fara hawa babur tun ba a haife ka ba. Baba in ya danna sai ya gaida kowa, ya tambayi iyali, ya tambayi ruwa, ya tambayi shanu, har da ƙafar wane da ta yi ciwo bara. Ba ka iya tsawata wa sa'an mahaifinka, sai dai ka jira ya saki, ka ce, "Baba, Allah Ya ƙara girma, a bar mana sauran gaisuwar sai mun sauka." Shi kuma ya ce yaran zamani sun ƙera abin magana sun hana magana. Mu dai dariya muke sha.

Abin da ya fitar da kai ranar Asabar alheri ne, shi ya sa na rasa wanda zan ɗora wa laifi. Wani ɗan Babban Duhu da ke kasuwanci a birni ya kawo wa mahaya baburan garinsu tsarabar sababbin oba-oba. Nurain, shugabansu, ya ce wanda Allah Ya ba sabo bai kamata ya danne tsoho ba, alhali 'yan'uwansa na Yasore ba su da isassu. A ranar suka tattara tsofaffin, waɗanda ka riga ka saita, suka aiko da su. Sababbin kuwa ba a saita su ba tukuna. Da labari ya iso ka, ka ce sun yi abin kirki amma sun yi gaggawa, ka aika musu cewa kana tafe ranar Asabar. Aka wayi gari an tafka ruwa, ayari ya fasa fita. Muka ce ka bari sai hanya ta sha iska. Ka ce ba za ka iya barin gari guda ba ya jin kowa a tsakiyar damina ba, ka ɗaure kwamfutarka a baya ka bi ta hanyar sama tun rafi bai kawo ba.

Da hantsi muna zaune a gindin bishiyar bedin tasha sai muryarka ta fito daga aljihunmu gaba ɗaya. Ka faɗi inda kake, ka ce kwalbati ya rufta, babur ya danne ka, ba ka iya motsa ƙafafunka. Ka faɗe shi a taƙaice, yadda ka koya mana. Na danna na ce na ji ka. Kowa ya danna ya ce ya ji ka. Sai muka ji ka sake cewa, "Akwai mai ji na?" A nan na tuna karatun da ka yi mini a rumfarka: kunnen ƙaramar ya fi bakinta.

Muka kira wayar Nurain, ba ta shiga, ruwa ya tafi da sabis. Daga baya muka ji cewa a daidai wannan lokaci suna zaune a bakin gari suna jiran ka, an dama maka fura, sababbin oba-obansu duk an kunna su, kowace a kan lamba biyar. Tsakaninka da su tafiyar ƙafa ce. Ba su ji komai ba.

Muka hau babura muka fita a guje, muka tarar rafi ya cika ya batse, yana tafe da itatuwa. Wani matashi cikinmu ya tuɓe riga zai faɗa, aka riƙe shi. Muka hau tudu muka ɗaga oba-oba sama muna ihu a cikinta. Ban taɓa jin rashin amfanin kaina irin na wannan rana ba. Ga babur cike da mai, ga ƙarfi a jikinmu, ga muryarka tangaran kamar kana tsaye a gefenmu, amma ba abin da muka iya.

Da ka ji shiru ya yi yawa, sai ka karya dokarka. Ka danne maɓalli ka fara gaisuwa, doguwa, irin wadda ka hana. Ka fara da Baba Jinjiri, ka tambaye shi iyali da shanu. Ka gaishe ni, ka tambayi 'yan makaranta. Ka bi mu ɗaya bayan ɗaya, babba kafin ƙarami, ba ka tsallake kowa ba. Baba ya durƙusa a bakin ruwa yana amsawa, "Lahiya lau, ɗana. Lahiya lau suke," hawaye na bin gemunsa. Ka ce a gaida Inna, a ce ta yafe maka. Ka ce a riƙe maka Bara'atu da yara amana. Ka ce kada wanda ya ga laifin Nurain. Daga nan muryarka ta yi ƙasa, muka ji kalmar shahada, sai ƙarar iska. Wani makiyayi ne ya gan ka daga baya ya kai labari gari. Ko da su Nurain suka iso a guje, rai ya yi halinsa.

A zaman makoki mahaifiyarka ta sa aka shigar da mu, ni da Baba. Na isar mata da saƙonka kalma bayan kalma. Ta ce ta yafe duniya da lahira. Sannan ta dube ni.

"Malam, ya san kuna jin shi?"

Na ce, "Inna, mu dai mun ji shi. Ko shi ya sani, Allah ne masani."

Baba Jinjiri ya ce, "Hajiya, ya sani mana. Shi ya koya muna ƙaramar na ji daga nesa. Kuma mi zai sa mutum shi tsaya gaida mutanen da ba ya zaton suna nan?"

Na riƙe maganar Baba da hannu biyu, kuma ina roƙon Allah Ya sa haka ne. Amma ni na ji yadda kake sakin maɓalli bayan kowane suna kana jira, kuma wannan jiran ya ƙi barin kunnena.

Har yau sababbin oba-oban Babban Duhu ba sa jin namu. Kwamfutarka ta farfashe a kwalbatin, kuma cikinmu ba wanda ya san yadda kake yi. Nurain ya zo gaisuwa ya kasa haɗa ido da kowa, duk da na faɗa masa abin da ka ce a kansa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Nana Hadiza, da Bara'atu da marayunta, da dangi baki ɗaya, da duk mai hawa babur tsakanin Batsari da Safana. Allah Ya ba mu haƙurin wannan rashi, Ya raya abin da ya bari, Ya ba mu ikon riƙe amanar da ya damƙa mana. Ya Allah Ka jiƙan Tayyib, Ka gafarta masa, Ka haskaka kabarinsa, Ka karɓi fitarsa ta ranar nan a matsayin fita don taimakon bayinKa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ya Allah, Kai ne Mai jin na kusa da na nesa, Ka isar masa da amsar da ta kasa tsallake rafi.

Tayyib, ka ce duk wanda ya ji kira ya amsa, ko da ba shi da abin yi. Ba mu da abin yi, amma mun amsa, dukanmu, tun daga kiranka na farko. Mun ji ka.