Awa Biyu Kusa da Adda

Ni 'yar fari ce, kuma a gidanmu wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ana yaye ni kakata ta ɗauke ni zuwa Gadaka, a can na yi wayo. Mahaifiyata kuwa Adda nake ce mata, kamar yadda ƙannenta ke kiranta. Ba ta taɓa kama sunana ba. In na zo hutu Potiskum ta lura ina son wani abu, sai ta kalli bango ta ce, "A ba waccan." Kowa ya san ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce irin ta Fulani, wadda shigowa gari da zama a gidan siminti ba su rage mata komai ba. Ni ma na sani, sai dai sanin bai taɓa kashe min ƙishirwa ba.

Malamar firamare ce. Shekarar da na shiga aji biyu a karatun digirina na kwamfuta, ita ma ta shigo makarantarmu, aka ɗora ta aji biyu saboda takardar malanta da take da ita. An ce mata ba za ta zama shugabar makarantarsu ba sai da digiri, ita kuwa ta daɗe tana jiran kujerar. Sashenmu daban. Nakan hango ta daga nesa a gindin dogon yaro tana bitar takardu, in ta hango ni sai ta tuna tana da uzuri a wani wurin.

A aji uku aka raba mu rukuni-rukuni, kowane rukuni ya ƙirƙiro manhaja. Mu uku muka faɗa tare. Akwai wani ɗan Nangere, manomi ne har cikin ƙashinsa, Hausarsa ba ruwanta da mace ko namiji, "kai" yake ce min har muka gama. Akwai ƙawata 'yar ƙabilar Bolewa mai bakin tsiya, ita ce mai zaɓar launi da tsara fuskar manhajar. Ni ce mai rubuta abin da ke ciki. Muka zaɓi jadawalin darussa, domin babu ɗalibin da bai taɓa tsayawa a bakin aji ya tarar wasu sun riga shi cika kujeru ba, ko ya ga an sa masa darasi biyu a awa guda kamar mai jiki biyu.

Damina ce lokacin. Bayan azahar muke zama a ɗakin kwamfuta, hadari na taruwa ta gabas, manyan motoci na wucewa can kan titin Maiduguri, ƙararsu na zuwa mana a tausashe. Mu zuba sunayen darussa da malamai da ɗakuna, mu danna, akwatuna masu launi su yi ta tsalle a allo har kowanne ya sami mazauninsa. Nakan shagala da kallonsu. Sai in ga kamar makarantar gaba ɗaya na tafin hannuna, in na ja akwati ɗaya da yatsa mutum ɗari za su tashi su bi shi ba tare da sun san wa ya kira su ba. Ɗan Nangere yakan ce shi gona yake gani, a sa gero nan, wake can, kada wani ya shaƙe wani.

Aikin ya burge malamin da ke duba mu, har aka yarda a gwada shi zango ɗaya a kan 'yan aji uku. Cikin darussan akwai na koyon sana'a wanda kowa ke ɗauka, manhajar ta raba mu gida huɗu. Ni ta jefa ni Talata da safe, Adda kuma Alhamis.

Na daɗe ina kallon layin da lambar rajistarta take. Ban yi shawara da kowa ba. Na ɗora yatsa na jawo ta Talata, manhajar ta duba ta ga babu karo, ta nuna kore. Awa biyu kowane mako, rufi ɗaya, ni da ita. A makon nan ko tafiya nake sai in ji ina murmushi. Na riƙa ganin mu a zuci: ruwa ya tsare mu a aji, bironta ya ƙare, ta miƙo hannu baya ba tare da ta waiwayo ba, in saka mata nawa. Iyakar burina ke nan, wallahi.

Talatar farko ta shigo, idonta ya faɗa kaina, ta ɗan tsaya, sannan ta wuce can baya. Ban waiwaya ba, amma ina jin motsin takardarta a cikin motsin mutum sittin. Sai malamin ya ce ba ya son ɓata lokaci da kiran suna, babbar cikinmu ta riƙa yi masa. Ya miƙa wa Adda rajista. Ta fara kira da muryar malaman firamare, a sarari, ɗaya bayan ɗaya, ina ƙirga saura nawa a zo kaina. Da ta iso sai ta yi shiru. Shirun bai fi na haɗiyar yawu ba, ta tsallake ta kira na ƙasana.

"Hajiya, kin bar ɗaya," in ji malamin, shi baƙo ne a garin, bai san komai ba.

"Tana nan," ta ce, kanta a ƙasa.

Waɗanda suka san mu suka ƙunshe dariya. Talata ta zagayo ba ta zo ba, ta sake zagayowa kujerar baya wayam. A makarantarmu wanda ya yi fashin darasi da yawa ba ya zama jarrabawarsa, wanda bai zauna ba kuma sai ya maimaita shekara. Na san haka sarai, duk da haka na yi mako uku ina jin haushinta maimakon in ji nawa. Ina cewa a raina, sunan nan fa ba garwashi ba ne.

Ƙawata ce ta gano. Tana duba inda aka taɓa jadawalin da hannu ta ga canji ɗaya tak, ta juyo da kujerarta.

"Ke 'yar nan, ba ki da kirki. Matar nan da furfurarta za ki sa ta maimaita aji? Ke kin samu abin wasa, ita kujerar shugaba za ta rasa."

Na buɗe baki zan yi musu, sai kuka ya riga ni. Ɗan Nangere ya bari na yi mai isata, sannan ya ce a hankali, "Kai ba ka yi mugunta ba. Amma injin nan bai san mutane ba. Mu koya masa." Ya ce a garinsu ma akwai surukin da ba zai zauna inuwa ɗaya da mijin 'yarsa ba, kuma ana zaman lafiya.

Ranar muka ƙara wa manhajar wani ɗan gurbi, inda za a sa lambobi biyu a ce kada a haɗa su aji ɗaya. Ni na rubuta shi, layi bai fi goma ba, ban taɓa rubuta abin da ya yi min nauyi kamarsa ba. Lambobin farko da suka shiga tawa ce da ta Adda. Alhamis ta riga ta cika, don haka na bar Adda a Talata na fitar da kaina. Manhajar ta jefa ni Laraba ƙarfe biyu, a tsohon ɗakin kwanon nan marar silin da kowa ke gudu. Na ce na ji, horona ne. Ƙawata ta kai mata labari cewa an gyara jadawali, Talata mai zuwa ta koma aji.

Bayan kamar mako biyu muna zaune a ɗakin kwamfuta, an ɗauke ruwa ke nan, aka yi sallama. Adda ce, gefen mayafinta a jiƙe. Ba ta taɓa taka ɗakin ba. Ta wuce ni kamar ba ta ga kowa ba, ta tsaya kan ƙawata.

"'Yata, ku ne masu abin nan na waya?"

"Mu ne, Mama. Sannu da zuwa."

"Akwai wata lamba da nake so ki duba."

Ta karanto lambata daga farko har ƙarshe, ba takarda a hannunta. Kafin allon ya buɗe ta ci gaba, "Litinin tana da darasi uku a jere, ba ta samun cin abinci sai la'asar. Wannan na haƙura. Amma Laraba ƙarfe biyu a ɗakin kwano, a'a. Tun tana zanin goyo rana ke sa mata ciwon kai, har haɓo take yi. In da hali a mayar da ita safiya."

Ƙawata mai bakin tsiya sai kai take gyaɗawa. Ni kuwa na kafe idona a kan allo, akwatunan suka narke suka zama launi ɗaya. Ban taɓa sanin na yi haɓo ina jaririya ba, kakata ma ba ta taɓa faɗa min ba.

Adda ta juya za ta fita. Da ta zo daidai kujerata ta rage tafiya, ta ce da ƙofa, "Kuma a riƙa shan ruwa."