Ranar da Aka Yi wa Ɗalibina Liƙi

Na koyar da waƙa da sauraren kiɗa a wata makarantar sakandare ta kwana ta maza a Gusau, kuma duk zamana can ban taɓa jin an kira ni da sunana a ɗakin malamai ba. Malam Maroƙi suke ce mini. Wanda ya raɗa mini sunan nan shi ne malamin lissafi, mutumin da in an kira wayarsa kiɗan kalangu take yi, kuma yakan bar ta ta ɗan jima yana gyaɗa kai kafin ya ɗauka. Haka muke a Zamfara. Ƙasar nan ta haifi makaɗan da duk ƙasar Hausa ke saurare, muna kunna su a mota da shago da gona, amma ka gwada gaya wa mutum ɗansa ya iya waƙa. Nan take zai ɗaure fuska kamar ka ce an kama yaron da akuyar wani.

An ajiye darasina a ƙarshen ranar Alhamis, lokacin da yunwa ta gama galabaitar da yara. In za a yi baƙi, lokacina ake ɗauka a yi shara. Kayan aikina wani fiyano ne na lantarki da rabin maɓallansa suka mutu, sai wayata da 'yar ƙaramar sifika. Da su nake kunna wa yara kotso da taushi da gurmi, in ce su rufe ido su faɗa mini wanne ke magana. Shugaban makaranta ya taɓa leƙowa ya tarar da aji guda ido rufe. Ya kira ni ofis ya tambaye ni ko gwamnati na biyana ne don in koya wa yara barci.

Waƙar taro ta fi ba ni wuya. Yaranmu da amshi suka tashi: ɗaya ya bayar, saura su karɓa da murya guda. Ni kuwa so nake in raba su uku, masu siririyar murya da masu matsakaiciya da masu kauri, kowane rukuni ya riƙe hanyarsa, in sun haɗu a ji daɗin. Da mun fara sai kowa ya saki tasa ya bi wanda ya fi ƙarfi. Na yi faɗa, na yi lallashi, na raba su kusurwa kusurwa a fili. Abin da ya cece ni wata waƙar noma ce da na tsara a kan salon da na ji manoma na yi wajen gayya a Ruwan Bore. Maganar ruwan farko ce da fitowar gero, babu sunan kowa a cikinta. Da yake sun san irin kiɗan tun suna goye, sai suka daina tsoron ɓata.

Mai bayar da ita wani ɗalibi ne ɗan aji biyar, ɗan Kwatarkwashi, dogo, marar surutu. In ya ɗaga murya har masu rake a bakin ƙofar makaranta sukan dakata da ciniki. Muryar ma ba ita ta fi burge ni ba, kunnensa ne. Kowa na iya kaucewa a kusa da shi, shi yana nan kan hanyarsa. Bayan an tashi yakan tsaya ya tambaye ni yadda ake rubuta sauti a takarda. Ban taɓa samun ɗalibi irinsa ba, kuma ina son yaron nan ƙwarai.

Labari ya kai wa mahaifinsa, ya aiko cewa yaro ya fita daga waƙa. Ranar Asabar na hau mota na tafi Kwatarkwashi. Na same shi a ƙofar gida, dutsen garin a bayansa, yana tufkar igiyar shanu. Rediyonsa na gefen tabarma yana kiɗan noma, bai kuma rage shi ba har muka gama gaisawa.

"Malam, mu gidanmu ba a roƙo," in ji shi. "Tun kakanni noma munka sani da kiwo. Ban kai yaron ga Gusau don shi koyo wasa masu kuɗi ba."

Na ce, "Baba, darasi ne kamar lissafi. Ba ya ambaton sunan kowa, ba ya miƙa wa kowa hannu."

Ya daɗe yana murza igiya. Sannan ya ce, "To, na ji. Amma ranar da anka liƙa mai ko sisi ga goshi, ranar zan ɗauke shi daga makarantar ga baki ɗaya."

A wurinsa nan iyakar take. Wanda ya yi waƙa don daɗin ransa manomi ne mai nishaɗi, wanda aka manna wa kuɗi a goshi kuwa ya zama maroƙi, kuma sunan zai bi gidan har jikoki. Ban yarda da wannan hukunci ba, har yau ma ban yarda ba, amma dai tsohon bai yi mini baki biyu ba. Na yi masa alkawari, na dawo da murnata.

Da bikin raba kyaututtuka ya matso, shugaba ya tuna cewa yana da malamin waƙa. Babban baƙo wani Alhaji ne ɗan kwangila, wanda ya gina mana ajujuwa biyu da rufinsu ke yoyo tun daminar farko. Shugaba na fatan ya ƙara mana wasu masu yoyon.

"Malam, ka saka sunan Alhaji cikin waƙar nan," ya ce mini. "Baiti guda kawai, ka wasa shi da kyau."

Na ƙi. Na zauna na ba shi labarin tafiyata Kwatarkwashi da sharaɗin da aka kafa mini, ban rage komai ba. Ya yi dariya har da buga tebur.

"Waƙar da ba a wasa kowa ba, mi amfaninta?" Da ya ga ban yi dariya ba sai ya ce, "To shi ke nan, ba komi, yi yadda kake so."

Na fita ina ganin na yi nasara.

Ranar biki aka kafa rumfuna, aka jera kujerun roba, aka cika babban tebur da lemon kwalba. Mahaifin yaron ya zo, don ɗansa na da kyauta a darasin aikin gona. Na hango shi cikin iyaye da farar riga mai guga. Malamin Hausa aka ba makirfon, mutumin da ya fi kowa yi mini ba'a da roƙo in an cire na lissafi.

Yara suka jeru. Na ɗaga hannu, yaron ya bayar, masu kauri suka shigo ƙasa ƙasa, masu siririya suka hau sama. Wallahi ba su taɓa yin ta da kyau irin na ranar ba. Kowane rukuni ya riƙe hanyarsa, surutu ya mutu a rumfunan.

Muna tsakiyar baiti na biyu sai lasifika ta fashe da ihu. Malamin Hausa ne ya koma sanƙira, yana zuba wa Alhaji kirari a kan muryar yarana. Da shi da shugaba sun riga sun shirya: tun da na hana a saka sunan a ciki, sai a ɗora shi a sama. Kuma ya iya! Mutumin da ke ƙyamar roƙo a ɗakin malamai, ga shi yana yin sa kamar ya gada.

Alhaji kuwa abu ɗaya ya sani in ya ji sunansa tare da waƙa. Ya miƙe, ya gyara babbar riga, ya tako a hankali don masu hoto su samu. Na yi masa alama da hannu, ya ɗauka gaisuwa ce ya ɗaga mini nasa. Ya wuce ni, ya tsaya gaban yaron, ya zaro sabuwar takardar kuɗi ya manna masa a goshi. Zufa ta riƙe ta. Ya ƙara wata, ya ƙara wata. Mutanensa suka taso suka bi sahu, malamin lissafi ma ya zo ya liƙa tasa don a gan shi.

Yaron bai tsaya ba, don na koya musu duk abin da ya faru ba a yanke waƙa. Hannuwansa na gefe, bai taɓa ko ɗaya ba. Amma idonsa na kan rumfar iyaye, hawaye na zuba, yana ta maganar ruwan farko da fitowar gero. Aka yi tafi kamar rumfa za ta faɗi.

Tsohon ya jira har aka gama. Ya taso, ya ratsa mutane, ya ɓamɓare takardar da ta rage a goshin ɗansa, ya kai ta babban tebur ya ajiye a gaban Alhaji.

"Ga abinka, Alhaji. Ɗana ba shi karɓa."

Alhaji ya dubi shugaba, ya tambaye shi ko kuɗin ne suka yi wa tsohon kaɗan.

Da tsohon ya zo wucewa ta gabana na fara magana, ya ɗaga mini hannu. "Malam, abin da munka yi da kai ke nan?" Bai jira amsa ba. Ko kyautar aikin gonan ba su tsaya karɓa ba, ya sa yaron ya kwaso akwatinsa suka nufi tasha.

Washegari shugaba ya tara mu ya ce ba a taɓa biki mai armashi irin wannan ba. Na gaya masa mun rasa ɗalibi. Ya ce ai ɗalibai suna da yawa, in zaɓi wani in horar da sauri, don Alhaji na da ɗaurin aure a Tsafe kuma yana son yaran su je. Na gaya masa abin da ya fito bakina, aka rubuta mini takardar gargaɗi. Na koma Kwatarkwashi har sau biyu, tsohon ya karɓe ni da fura da mutunci, bai kuma sauya magana ba. Ya mai da yaron wata makarantar jeka ka dawo a Bungudu, inda babu malamin waƙa.

Bayan an kwana biyu na gamu da yaron a tashar Bungudu, yana ɗora buhunan gero a mota. Ya ƙara tsawo, ya fara gemu. Ya durƙusa ya gaishe ni, muka taɓa hira kan makaranta da damina. Sannan na tambaye shi ko yana waƙa har yanzu, ko da a gona ne. Ya waiga hagu da dama kafin ya amsa.

"Na bari, Malam," ya ce. "Ba Baba ya hana ni ta gona ba. Ni dai in na buɗe baki sai in ji abin nan manne ga goshina."

Direba ya kira shi, ya koma ya ɗauki buhu.