Ranar da Jagtarni Ta Yi Shiru

A wani ƙauye na yankin Mithila kowa ya san Jagtarni mai soya 'ya'yan bado, kowa kuma ya san lungun da zai bi ya kauce mata. Ba masifa gare ta ba, tambaya ce. Ka ce za a yi ruwa, ta ce daga ina? Ka ce daga gajimare, ta ce shi gajimaren a kan me yake zaune?

Laifin kakarta ne. Ita ta ba ta labarin wata malama ta zamanin da, wadda ta tsaya a fadar sarki tana jero wa babban masani tambayoyi, har ya ce ta yi hattara kada kanta ya faɗo ƙasa. Sauran yara suka tsorata. Jagtarni kuwa darasi ɗaya ta ɗauka: a ɗaure kai da kyau. Har ta tsufa, in za ta yi tambaya sai ta ja bakin zanenta na sari ta ƙulle a haɓa. Malamin haikali da ya hango ƙullin sai ya tuna bai yi wanka ba.

Mijinta Bhogendar ya fi kowa jin jiki. Akwai rana a watan Magh da masu ibada ke azumin magana. Dattijon ya ɗanɗana ya ji daɗi, ya mayar da abin duk wata, daga baya duk mako. Bana ya yi alwashi a haikali cewa ya kama bakinsa har damina.

Gari ya ɗauka an yi waliyyi. Jagtarni ma tana ta alfahari, sai maƙwabciyarta Sumitra ta ce, "Wane waliyyi, yaya? Jiya na ji shi yana hira da ɓaunar da kuke kiwo. Ke yake gudu."

Maganar ta soke ta. Ta ƙulle sari, ta tsaya gabansa da tambaya a baki: ka gaji da ni ne? Tunda take ba ta taɓa jin tsoron amsa ba sai ranar. Ta kwance ƙullin ta koma gindin murhu.

Ta kawo shinkafa da kifi, ba ta tambayi inda ran kifin ya tafi ba. Bhogendar ya ci rabi ya ture. Ya yi tari. Ya nuna mata gajimare da yatsa, shi da kansa! Ko ɗaga kai ba ta yi ba.

Washegari malamin haikali da masu neman albarka suna zaune a ƙofar gida da furanni, sai waliyyi ya miƙe ya leƙa madafa ya daka tsawa.

"Ke 'yar mutanen garin Sarisab! Mutuwa aka yi a gidan nan? Yi tambaya mana!"

Jagtarni ta share ido da bakin sari, ta ja shi ta ƙulle tam.

"Baban Lallan, azumin da ya karye, ina ladansa yake zuwa?"

Ya zauna a bakin ƙofa ya miƙe ƙafa.

"Ban sani ba," in ji shi. "Ci gaba."